Jifan da Bai Kori Tsuntsu Ba

Ku samarin da kuke zama a bakin tafki da la'asar kuna gasar jefa tsingaro a kan ruwa, na ji abin da ɗayanku ya faɗa ran nan da nake wucewa. Ya ce wai tsoho Lawali da ake cewa ya ci abinci da jifa, ai jifa ba sana'a ba ce, ko biri ka miƙa wa dutse zai yi. Ban tanka ba, don kwandon kifin da ke kaina ba ya jiran gardama. To ga amsarku yau. Sau biyu na ci abinci da jifa kafin in koma sayar da kifi. Na farkon na san abin da nake yi. Na biyun kuwa, wanda har Turawa suka tafa mini a kansa, ban gane kansa ba har yanzu, kuma ina fata cikinku da kuka yi karatun boko a lakkwal a sami wanda zai fahimtar da ni.

Aikin farko da Kawu Barmo ya ba ni shi ne cura laka. Kawu ƙanen mahaifiyata ne, a hannunsa na tashi bayan rasuwarta, kuma a zamaninsa duk masu gonar dawa da ke kewaye da tafkin Madarumfa sun san hannunsa wajen korar tsuntsu. Kun san ƙasarmu ba ta da duwatsu, yashi ne sai laka, don haka mai jifa shi ke yin abin jifansa da kansa. Za ka je inda ruwa ya janye ka ɗebo baƙar laka, ka kwaɓa da ɗan ƙaiƙayi, ka cura kamar curin fura, ka jera a inuwa. Waɗanda na fara yi a rana na shanya su, don su bushe da wuri. Kawu ya ɗauki ɗaya ya ƙwanƙwasa mini a goshi, ya ce in ji abin da kan dawa zai ji. Curin da ya sha rana tauri yake yi, ya karya zangarniya. Na inuwa kuwa yana riƙe kansa a iska, amma da ya taɓa kara sai ya tarwatse, kuma tarwatsewar ake so.

Ranar da na fara hawa rumfar tsaro, dawa ta yi nono, tsuntsayen jan-baki suka taso daga ciyayin tafki kamar hayaƙi. Na ɗauki curi na zabga musu a tsakiya. Suka buɗe, curin ya wuce, suka rufe, suka sauka abinsu. Kawu yana zaune a gindin rumfa ya ce, "Ba tsakiyassu aka jihwa ba, Lawali. Dubi na gaba, su ka jan sauran."

Sirrin aikin ke nan, in sirri ne. Yara masu gwangwani da majajjawa suna ihu tun safe, amma tsuntsu yana sabawa da ihu. Mai jifa jira yake yi sai na gaba sun karkata za su sauka, sannan ya fasa musu curi a gaban baki. In na gaba suka juya, duk taron ya juya. In ka makara suka zauna a kan dawa kuwa, ko ganga ka kawo sai sun ƙoshi.

Masu gona kan zo tun damina da goro su kama mu, in an yi girbi su sallame mu da damman dawa. Akwai wani mutumin hanyar Gabi da ya zo har gida yana faɗa, wai mun koro masa tsuntsu gonarsa. Gaskiya ya faɗa. Da shekara ta kewayo shi ya fara kawo goro, sai maƙwabcinsa ya zo da nasa faɗan. Na tambayi Kawu, to su tsuntsayen nan a ina za su ci a ƙarshe? Ya ce a gonar wanda bai kira mu ba.

A tsakiyar gonarmu akwai tsohuwar tsamiya, tsuntsayen suka koyi zagayowa ta bayanta inda jifa ba ya kai wa. Saboda su Kawu ya koya mini abin da yake kira murɗe. Ka riƙe curi da yatsu biyu da babban yatsa, daidai lokacin sakinsa ka juya wuyan hannu kamar mai matse tsumma. Sai ya tafi a miƙe, can ya karkata ya zagaya bishiyar. Daɗinsa ya sa har ina yi don a gani a yaba. Kawu ya kama ni wata rana, ya miƙo mini hannunsa na dama, wanda ya daina miƙewa, ya ce in taɓa gwiwar.

"Ka jiya? Murɗe yac ci wanga. Hannu kamar rumbu ne da ba a ƙara zuba mashi. Kowane jihwa ludayi guda kaka ɗiba, murɗe kau ƙwarya guda. Kar ka yi shi sai dole."

Da babban yaƙin Turawa ya yi tsanani, mutanen kumandan, Baturen da ke mulkinmu, suka matsa wa garuruwa da kwasar samari aikin tilas. A lokacin hannun Kawu ya gama mutuwa, yanar ido kuma ta fara rufe masa gani. Gidanmu da masu gonar da suka saba da mu, duk hannuna suke kallo. Bayan girbi ya kira ni ya ce, "Tahi ƙasar Ingilishi ka ci rani, kar su ɗauke ka su ba ka diga. Kar ka yi dako bisa kahwaɗar dama. Noma ƙannenka su yi shi, amma kahin dawa ta yi nono kana nan." Na ce na ji. Muka bi ta Jibiya da wasu samari, muka ratsa Katsina har Kano.

Aikin da na samu ɗiban ruwa ne a filin jirgin sama, inda wasu sojoji suka yi sansani. Turawa ne, amma ba irin namu ba, ba kuma irin na Kano ba. An ce Amurkawa ne. A ka nake ɗaukar garwa, don haka na kiyaye maganar Kawu. Wata la'asar ina wucewa ta bayan tantuna, wani farin abu ya gangaro ya tsaya a ƙafata. Can nesa wani ƙato ya ɗaga hannu sama, ya ware yatsu biyar a kaina. Uwata tana kabari, me ta yi masa da zai yi mini daƙuwa? Na sauke garwa, na ɗauki abin, na auna ƙirjinsa da nufin ya ji a jikinsa. Ya ɗaga ɗaya hannun, abin ya shige cikin wata tafkekiyar safar fata, ji kake tas. Na tsaya ina jiran duka. Sai ga su sun taho da gudu suna dariya, suna bubbuga mini baya.

Audu Kuku, wani Bakano da ke dafa musu abinci har ya tsinci harshensu, shi ya zama tafintana. Ya ce ba zagi ba ne, haka suke neman a jefo musu. Ya ce babbansu, wanda ma'aikata ke kira Jan Wuya, ya ce in ajiye garwa, daga yau jifa ne aikina, kuma abin da za a ba ni ya fi na ɗiban ruwa.

"In jehi mi?"

"Ƙwallo."

"A'a, ina nuhin in kori mi?"

Audu ya ce shi dai abin da aka faɗa ya faɗa.

Bari in zayyana muku kayan aikin, don ba ku taɓa ganinsu ba. Ƙwallon bai fi curin Kawu girma ba, fata ce fara da jan ɗinki, mai tauri, ba ya fashewa ko me aka yi masa. Sanda kamar ƙaramar taɓarya. Safar fata a hannun hagu don cafewa. An tara ɗan tudu a tsakiyar fili, a nan nake tsayawa. A gabana mai sanda, a bayansa wani ya tsuguna da ragar ƙarfe a fuska, shi nake auna wa. Shi ne abokin aikina na kullum, muna kiransa Ɗan Tsugune, mutumin kirki, bai taɓa cin wani abu bai miƙo mini ba, ko da yake naman gwangwaninsu ban yarda da shi ba. Sai 'yan buhunan yashi uku da aka yar a fili nesa da juna. In mutum ya maki ƙwallo sai ya yar da sanda ya sheƙa kamar ɓarawo, ya taka buhunan nan ɗaya bayan ɗaya, ya dawo daidai inda ya tashi, a rungume shi kamar wanda ya dawo daga Makka. Wani kuma zai yi bugun da ya fi na kowa, ƙwallo ya tashi har ya ƙanƙance a sama, wani ya cafe kafin ya taɓa ƙasa, sai a ce mai bugun ya mutu, ya koma ya zauna. Na tambayi Audu laifin me ya yi. Ya ce laifin an cafe.

Aikina na kowace rana shi ne in jefa musu su koyi bugu. Za su yi layi, in riƙa ajiye wa kowa ƙwallo daidai kan sandarsa, shi kuma ya make shi ya ɓace, a je a tsinto a miƙo mini. Na gane wannan yana son nasa ƙasa-ƙasa, wancan kusa da ƙirji, ina ba kowa abin da yake so kamar mai sayar da fura. Da farko abin ya dame ni, in yi jifa mai kyau a watsar mini da shi. Daga baya na ce to, wataƙila sana'ar ke nan, ka taimaki mutum ya bugi abu. Har na fara jin na iya.

Sai ranar da jirgi ya kawo baƙi, sojojin wani sansani daga gabas, aka ce za a kara da su. Mai jifan mutanenmu zazzaɓi ya kwantar da shi, Jan Wuya ya nuna ni. Na hau tudu na ce yau ranar fita kunya ce. Baƙi ne, sun sha tafiya, ba za a ce sun zo inda ɗan Madarumfa yake ba su ji daɗi ba. Na riƙa ajiye musu ƙwallo a kan sanda kamar da hannu, su kuwa suna ta watsa shi bayan tantuna, suna zagaya buhuna, suna dawowa. Na waiga in ga ko mutanenmu sun yaba, sai na ga Jan Wuya ya cire hula ya taka ta. Ɗan Tsugune ya taso ya zo kan tudu, ya yafito Audu.

"Ya ce me kake yi haka?"

"Abin da nike yi kullum. Baƙi na kuma, shi yas sa na ƙara musu kyau."

"Ya ce yau ba a so su buga."

"To in jehwa can bayan madahwa, in ga ƙaƙa za su buga."

Audu ya juya ya faɗa. Ɗan Tsugune ya cire ragar fuskarsa ya share gumi, ya yi magana a hankali.

"Ya ce a'a. Dole ƙwallon ya bi ta gaban mutumin, tsakanin gwiwarsa da ƙirjinsa, inda zai iya bugawa. Amma kada ya buga."

"Wato in miƙa mashi tuwo, in ya kawo hannu in janye akushi?"

"Kusan haka."

"Audu, tsakaninka da Allah, kai ka gane?"

"Ni girki aka ɗauke ni, Lawali."

Wanda ya shigo da sanda bayan nan dattijo ne a cikinsu, da furfura a gefen kai. Na rasa yadda zan yi, sai na tuna da tsamiyar gonarmu. Na yi masa murɗe. Ƙwallon ya tafi kamar zai sami sanda, dattijon ya kai duka, ƙwallon ya kauce ya shige safar Ɗan Tsugune. Na sake, ya sake dukan iska. A na uku har ya kusa faɗuwa. Alƙalin wasan ya daka tsawa, dattijon ya ja sandarsa ya juya, kansa a sunkuye, a gaban yaransa da namu. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na sauko daga tudu na bi shi, na tsuguna na ce ya yi haƙuri, sa ni aka yi. Fili ya ɗauki dariya. Shi ma ya yi dariya, ya ɗago ni, ya ce wani abu. Audu ya ce wai yana yaba jifan. Wanda na kunyata yana yabona, waɗanda na yi wa hidima rani guda kuma ɗazu kamar su cinye ni. Da aka watse kowa yana musabaha da kowa, na tambayi Audu wa ya ci. Ya ce yana can wajen tukunya lokacin da aka ƙare.

Daga ranar murɗe ya zama abincina. Kowane soja yana so ya koyi bugunsa, sai su yi layi safe da yamma, ni kuma in yi ta matse tsumma. In baƙi sun zo, ni ne a kan tudu. Har suna suka sa mini, wanda ban iya faɗa ba. Ba a daɗe ba gwiwar hannuna ta fara magana, musamman da asuba in zan ɗaga buta. Na ce wa Audu ya gaya wa Jan Wuya zancen ludayi da ƙwarya. Ban san yadda ya juya maganar ba, amma kwalbar wani mai aka ba ni, mai zafi kamar barkono, in na shafa sai ciwon ya yi shiru. Na ce a raina, mutanen da ke ɗaga ƙarfe ya tashi sama ai ba gwiwar hannu ce za ta gagare su ba. Kuma Kawu da laka ya yi awonsa, wannan kuwa fata ce, wataƙila lissafin ba ɗaya ba ne.

Damina ta sauka ina can. Akwai gonar dawa a bayan sansanin, ita nake dubawa kowace safiya don in san lokacin gida. Da ta fara ciki na je na yi sallama. Jan Wuya ya ce baƙi na tafe, in yi musu wannan kaɗai in tafi. Na duba dawar, na ga da sauran lokaci, na yarda. Ana tsakiyar wasan na yi murɗe, sai na ji wani abu ya tsinke a gwiwar hannu kamar igiyar guga. Ƙwallon ya faɗi a tsakanina da mai sanda. Ɗan Tsugune ne ya fara isowa, ya riƙe mini hannun. Da ake fita da ni duk filin ya miƙe yana tafi, namu da baƙi. Wannan ma ban gane ba, me ake tafa wa? Kafin in kai bakin tanti wani ya hau tudun, wasa ya ci gaba. Likitansu ya naɗe hannun, Ɗan Tsugune ya saka mini ƙwallo ɗaya a aljihu, na kama hanya.

A hanya kumburin ya saɓe, ciwon ya ragu, har ina cin abinci da hannun. Na ɗauka ya warke. Na iso Madarumfa dawa tana shirin yin nono, na cika alkawari. Na tarar masu gona sun kawo goro tun farkon damina, Kawu ya karɓa da sunana. Na tarar kuma da tarin curi a inuwar tsamiya, ya kai ƙugu. Da lalube ya cura su duka, don kada in dawo in ɓata hannu wajen kwaɓa laka.

Da safe na hau rumfa, shi yana zaune a gindinta kamar da. Jan-baki suka taso daga tafki. Na jira na gaba suka karkata, na ɗaga hannu na saki. Curin ya faɗi a gindin karan da ke gaban rumfa, ko fashewa bai yi ba. Na ɗauki wani, ya faɗi kusa da ɗan'uwansa. Kawu ba ya gani, amma kunnensa ya san inda curi ya kamata ya faɗi. Ya ce in sauko. Ya kama gwiwar hannuna, ya bi ta da babban yatsa a hankali, ya daɗe, sannan ya sake ta. Bai yi faɗa ba. Ya kira ƙannena ya ce a kawo gwangwanaye, a kira mata su fito da ƙore. Muka yi ta ihu da kiɗa har muryoyi suka dushe, na yi ta jifa da hagu kamar mace mai korar kaza. A shekarar nan, mu ne gonar da ba ta kira kowa ba, mu da duk wanda ya kawo mana goro. Abin da muka girba bai kai mu tsakiyar rani ba.

Amma a ranar farkon nan, da rana ta take muka zauna a gindin tsamiya, na ciro ƙwallon na sa masa a hannu. Ya juya shi, ya bi ɗinkin da farce, ya matsa, ya ji ba ya fashewa.

"Shi kaka jihwa can?"

"Shi ne, Kawu."

"Mi kunka kora da shi?"

"Ba mu kori komi ba."

"Mi kunka kashe?"

"Babu."

Ya ci gaba da juya ƙwallon. Ina jin kukan tsuntsaye a cikin dawarmu ta kowane gefe.

"To su waɗanda kay yi ma jihwan, sun samu abin da suka biɗa?"

Na yi tunani sosai, don ba na so in yi masa ƙarya. Na ce, "Wallahi Kawu, ban sani ba."

Ya miƙo mini ƙwallon, ya lalubi gwangwaninsa, ya ce in kama masa hannu mu koma cikin gona.